Daga Kanya Babba zuwa Gwiwa: Masu sautin da ba a ganin fuskarsu

Kowa ya san sunan jarumi, kowa ya haddace na jaruma. Amma mutumin da ke sa murya ta kai kunne, ya kuma shigo da kiɗa a daidai inda ya dace, sau da yawa ko a fosta ba a rubuta shi. A arewa maso yammacin Jigawa ana ganin yadda rayuwarsa take ƙarara.

HANYAR da ta tashi daga Kano ta bi ta Kunya ita ce ke kai matafiyi Kanya Babba, gari a cikin Ƙaramar Hukumar Babura ta Jihar Jigawa. Daga nan kwaltar ta zarce garin Babura, ta faɗa Babban Mutum a ƙasar Katsina, inda Nijeriya ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai rairayi, ta gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi. Da damina ko'ina kore shar. Da rani kuwa sai tarin kara a gonaki, da kukoki, da gawo mai fitar da ganye lokacin da sauran itatuwa ke zubar da nasu, da amalanken shanu a gefen titi. Sunan garin kansa na tuna wa mutum da kanya, itaciyar nan mai 'ya'ya masu zaƙi da yara ke rububi.

Nan ba cibiyar fim ba ce. Ofisoshin furodusoshi da manyan situdiyo suna can Kano, wajajen Titin Gidan Zoo. To amma duk ɗan fim da ya san inda kuɗinsa ke fitowa ya san irin waɗannan garuruwa su ne kasuwa. Tun zamanin kaset, lokacin da dillalan Ƙofar Wambai ke ɗaure finafinai a kwali suna lodawa a motocin ƙauye, har zuwa yau da ake tura fim da waƙa a memori, mutanen karkara na cikin waɗanda suka riƙe industiri. Mai shayi da waƙarsa, ɗan acaɓa da tasa, mai cajin waya kuwa ba ya kashe lasifikarsa sai in zai tafi masallaci.

A kan wannan hanya ce akan ci karo da wani irin matafiyi. Saurayi ne bisa babur, an ɗaure masa lasifika biyu a baya da roba, ƙaramin janareto a gaba, ga fiyano a naɗe cikin tsohon bargo don kada ƙura ta shige shi. Wasu su ce masa mai fiyano, wasu di-je, wasu injiniya, tsofaffi kuwa su ce mai lasifika kawai. Shi ne mai haɗa sauti kuma makaɗi mai zaman kansa. Ba shi da albashi, ba shi da ofis, ba shi da ubangida guda. Duk inda aka kira shi nan ne wurin aikinsa na ranar.

Aiki huɗu a hannu ɗaya

Mai karatu na iya cewa, to mene ne abin wahala a kunna lasifika? Sai an tsaya bayan dandamali akan gane.

A ɗauki wasan kwaikwayo na makaranta. Kanya Babba na da makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati, kuma makarantu irinta a duk faɗin Arewa sukan shirya wasa a ranar yaye ɗalibai ko ranar raba kyaututtuka, wani lokaci a ɗauko daga littattafai irin su *Uwar Gulma* ko *Jatau Na Kyallu*, wani lokaci malamin Hausa ya rubuta nasa. Ko kuma a ɗauki wasan faɗakarwa da ake kaiwa ƙofar gidan dagaci, kan rigakafin shan-inna ko zuwa awo ko sa yara makaranta. Babu zauren wasa, babu bangon da zai riƙe murya. Fili ne fetal, ga iska, ga kukan awaki, ga ɗaruruwan mutane a zagaye.

Aikin farko shi ne ya nema wa janareto wuri. In ya ajiye shi kusa, ƙararsa za ta cinye maganar 'yan wasa. In ya kai shi nesa, sai doguwar waya, kuma waya kuɗi ce. Don haka yakan nemi bayan katanga ko lungu ya ɓoye shi. Na biyu, ya tsayar da lasifika a gaban makirufo, tana kallon jama'a. In aka yi kuskure makirufo ya fuskanci lasifika, sai ya riƙa ɗaukar sautin da ke fita yana mayar da shi, nan take ka ji wata irin ƙara mai tsinka kunne, yara su fashe da dariya, wasa ya lalace. Na uku, ya raba makirufo biyu ko uku tsakanin 'yan wasa goma, ya san wanda zai miƙa wa wani, ya san yarinyar da muryarta ba ta fita don ya ɗaga mata, da yaron da ke ihu don ya rage masa.

Na huɗu shi ne inda gwaninta take. Wasa na buƙatar tsawa, sai ya girgiza fallen kwanon rufi kusa da makirufo. Ana son ruwan sama, sai ya zuba tsabar gero a hankali bisa leda. Mahayi zai shigo fada, sai ya kifa ƙoƙo biyu a ƙasa yana bugawa, ka rantse doki ne ke sukuwa. Uwa ta sami labarin rasuwar ɗanta, sai ya danna sautin sarewa a fiyano, a hankali, ba tare da ya danne kukanta ba. In ya yi saurin daƙiƙa biyu ya tona asirin labari, in ya yi jinkirin daƙiƙa biyu mutane sun riga sun fara surutu. Sau da yawa kuma gwaji ɗaya tak aka yi da shi, wani lokacin ma a ranar wasan yake jin labarin.

Abin mamakin sana'ar shi ne, in ya yi aikinsa daidai babu mai tunawa da shi. Jama'a za su watse suna yabon yaron da ya fito a boka. In kuwa wuta ta ɗauke ko lasifika ta yi gardama, duk ido sai ya juyo kansa, har da masu cewa, Malam, ina ka samo wannan injiniyan?

Ba yau aka fara wannan aiki a ƙasar Hausa ba. A zamanin Turawa, motar majigi kan shiga gari da injinta da lasifikarta, a kafa farin ƙyalle, wani ma'aikaci ya riƙe makirufo yana fassara hoto da Hausa, yana ƙara gishiri don mutane su zauna. Irin finafinan da aka nuna ke nan kamar *Baban Larai*. Daga baya rediyo ya karɓa. Masu sauraren *Samanja Mazan Fama* na marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, sun daɗe suna ganin bariki da kunnensu kafin su gan shi a talbijin. Saurayin da ke bisa babur a hanyar Babura jikan waɗannan ne a sana'a, ko da bai sani ba.

Shekararsa irin ta manomi ce

Wasan kwaikwayo shi kaɗai ba ya riƙe mutum a wannan yanki. Bai fi a kira shi 'yan lokuta a shekara ba. Shi ya sa mai sauti ke bin duk inda ake buƙatar lasifika, kuma kalandarsa na tafiya ne da ta gona.

Kaka ce babbar kasuwa. An yanke gero, an sayar da riɗi, kuɗi sun shigo hannu, sai bukukuwan aure su taso gaba ɗaya. A irin wannan lokaci yana iya yin kamu a wannan ƙauye da yamma, ya kwana yana haɗa wa wata amarya waƙa, gari na wayewa ya ɗaure kaya zuwa wani ƙauyen. Sai dai kaka na zuwa da hunturu, hunturu kuma maƙiyin kayan sauti ne. Ƙura na shiga maɓallan fiyano da mikisa har su riƙa ƙarar-ƙarar, iska na busa makirufo. Za ka ga ya sa wa makirufo safa ko guntun soso, ba don ado ba.

Da azumi kiɗa kan tsaya, amma lasifika ba ta hutawa, domin masu tafsiri na haya. A watan ne kuma yara ke fitowa tashe, da gemun auduga da gwangwanaye da tsofaffin galan, su yi wasa su yi wa kansu kiɗa. Masu sana'ar da yawa a nan suka fara gane cewa gwangwani mai tsakuwa da wanda babu komai a ciki ba amonsu ɗaya ba. Bayan sallah sai wasannin sallah. Watan Maulidi na sha'irai da masu mandiri ne, su ma suna son a ji su har ƙarshen unguwa. Shekarar zaɓe kuwa ita ce damina mai albarka: kowane ɗan takara, daga kansila zuwa sama, yana son waƙarsa da motar da za ta zagaya da ita. Babura ta ga irin wannan sosai, kasancewar ɗan garin, Muhammad Badaru Abubakar, ya yi gwamnan Jigawa daga 2015 zuwa 2023.

Sannan ruwa ya sauka. Biki ya ja baya, hanyoyin ƙauye su yi laka, kowa ya koma gona. Mai sauti ya lulluɓe kayansa da leda ya ɗauki fartanya. Wanda ba shi da gona ya koma gyaran waya ko acaɓa, ko ya tafi Kano ya raɓa da wani situdiyo kafin kaka ta zagayo.

Ko wannan lissafin ma ba kullum yake tafiya daidai ba. A 2020 cutar korona ta sa an hana taruka, lasifiku suka yi watanni a jingine. A farkon 2023 canjin takardun Naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, liƙi ya ƙafe, alhali da liƙi makaɗi ke cike gurbin abin da mai biki ya gaza biya. A ƙarshen Mayun shekarar aka cire tallafin man fetur, kuɗin shayar da janareto da babur ya ninka. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe iyaka har zuwa Maris 2024, ga mutanen da 'yan'uwansu da surukansu ke tsallake, wajajen Magarya, kuma biki ba ya sanin iyaka. A garuruwa da dama kuma dattawa da 'yan Hisba sukan taƙaita kiɗan dare ko su hana di-je a gidan biki. Ma'aikacin gwamnati na iya jiran ƙarshen wata duk da waɗannan. Mai zaman kansa ranar da bai fita ba, ranar ba a ɗora tukunya da kuɗinsa ba.

Yadda kalangu ya shiga cikin fiyano

Kafin lasifika, wannan ƙasa na da masu sautinta. Makaɗin kalangu na mahauta da 'yan mata da 'yan dambe, mai gangar noma na gayya, masu algaita da kakaki da tambari na fada, mata da ƙwaryarsu da shantunsu a cikin gida. Kowace sana'a da takenta, kuma wanda ya tashi a nan yana jin take ya san wa ake kira. Jigawa ce ta haifi Haruna Uji na Haɗeja, wanda ya ɗauki gurmi ya kai shi gidajen rediyo.

Da fim ɗin bidiyo ya kankama a Kano bayan *Turmin Danya* na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, sai furodusoshi suka ga ɗaukar makaɗa biyar ko shida zuwa ɗakin naɗar sauti ya fi ƙarfin aljihunsu. Fiyanon Yamaha samfurin PSR ya warware masu matsalar. Mutum ɗaya da yatsu goma zai fitar da amon ganga da sarewa da abin da ya yi kama da garaya. Situdiyon Iyan-Tama na cikin na farko da suka yi fice da wannan a ƙarshen shekarun 1990, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubutu mai yawa kan yadda wannan na'ura ta sauya kiɗan Hausa. Da *Sangaya* na kamfanin Sarauniya ya fito a 1999, sai aka ga waƙa ce ke sayar da fim. Daga nan kowane furodusa ya fara neman waƙa tun kafin ya gama labari. Sunayen mawaƙa irin su Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha da Mudassir Ƙasim suka shiga bakin mutane. Na masu danna fiyanon kuwa, sai 'yan cikin industiri.

Wannan kiɗa ne ya dawo garuruwa irin su Kanya Babba a cikin kaset, ya tarar da makaɗan da aka kwaikwayi amonsu suna nan da ransu. Amarya ta ce ita irin na fim take so. Mai biki ya lissafa ya ga mutum ɗaya da fiyano ya fi arha a kan tawagar maroƙa. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, in ji Hausawa, amma a nan makaɗin ne aka canza.

Sai dai akwai abin da na'ura ta kasa. Hausa harshe ne mai karin sauti, murya na hawa tana sauka, ma'ana na canzawa. Makaɗin kalangu na matse tsarkiya a hammatarsa yana sassautawa, fata na ɗamewa tana saki, don haka kalangu na bin hawa da saukar magana har ya kira sunan mutum da na ubansa. Amon kalangun da aka adana a cikin fiyano bugu ɗaya ne a daskare. Zai ba da rawa, amma ba zai yi magana ba. Shi ya sa har yanzu a filin dambe, ko ranar da mahauta ke bikinsu, ba a aiken mai fiyano. Masu sautin da suka san abin da suke yi sun gane haka. In aiki ya kai aiki, sukan nemi tsohon makaɗi, su sa masa makirufo a gaba, su naɗi ainihin bugunsa su ɗora a kan abin da kwamfuta ta haɗa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kazaure, Roni da Gwiwa

Babura na ƙarƙashin Masarautar Ringim. In aka nausa yamma sai a shiga Masarautar Kazaure, wadda ta haɗa Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi. Nan ƙasar ta sauya. Rairayi ya ba da wuri ga duwatsu da tuddai, ga madatsar ruwa a gefen garin Kazaure, ga babban titin Kano zuwa Daura ya ratsa ta tsakiya.

Kazaure gari ne na sarauta tun zamanin Ɗantunku, kuma ranar hawan sallah a ƙofar fadar Sarki Najib Hussaini Adamu, wanda ke kan gado tun 1998, mai koyon sauti zai ga darasin da ba a koyarwa a situdiyo. Kakaki ba ya buƙatar batir. Tambari na faɗa wa na nesa cewa sarki ya fito. Algaita na ratsa ƙarar dawaki da bindigogi ta isa kunne. Mutanen da suka tsara waɗannan sun san wane amo ne ke tafiya nesa a fili, wane ne ke mutuwa a kusa.

Kazaure kuma garin ɗalibai ne, saboda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu. Inda ɗalibai suke akwai taron ƙungiyoyi da bikin al'adu da liyafar kammala karatu, duk kuwa aikin mai sauti ne. Babura ma ta samu Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2021. A irin waɗannan wurare ne sabon salon sana'ar ke tsiro: ɗaki ɗaya, kwamfutar tafi-da-gidanka mai manhajar FL Studio ko Cubase, makirufo guda, katifu a jingine da bango don su shanye amsa-kuwwa, faifan sola a kan rufi. Abin da a 2003 sai an hau mota zuwa Kano, yau ana iya yinsa a shago, a tura wa mai shi ta WhatsApp kafin la'asar.

Roni da Gwiwa kuwa, can ta wajen iyakar Katsina, ƙauyukansu a warwatse suke tsakanin duwatsu, da rugagen Fulani nan da can. Mai sautin da aka gayyata biki a irin nan ya san babur ne kawai zai kai shi, ya san babu inda zai sayi fis ko waya in tasa ta ƙone, don haka komai biyu yake ɗauka. Ya san kuma dutse na mayar da sauti, in ya juya lasifika gare shi magana za ta riƙa dawowa tana cin karo da kanta. Da dare in iska ta kwanta, kiɗansa na kaiwa ƙauye na gaba, kuma wannan ce tallarsa. Ba shi da allo, ba shi da kati. Wanda ya ji daga nesa ya ji daɗi, shi zai aiko a neme shi.

Kura da shan bugu

Matsalar da ta fi ci wa masu wannan sana'a tuwo a ƙwarya, daga Kanya Babba har Titin Gidan Zoo, ita ce ta biya da ta suna.

Ciniki da baki ake yi. A ba da kafin alƙalami, a ce ciko sai an tashi. In an tashi, mai biki ya ɓace cikin 'yan'uwa, ko shugaban ƙungiya ya ce kuɗin ba su fito daga sama ba tukuna. Wanda ke bin bashin kuma maƙwabci ne ko abokin wan mutum, kunya ba za ta bari a kai shi gaban alƙali ba. In amfilifaya ta ƙone a wurin aiki, asarar mai ita ce shi kaɗai.

A situdiyo kuma tsarin da aka gada tun zamanin kaset shi ne a biya makaɗi sau ɗaya. Ya karɓi kuɗin kiɗa, shi ke nan, ya sallama. Waƙar na iya mutuwa a mako guda, tana iya kuma zagaye duniya. A da ɗan kasuwar da ya sayi fim ne ke kwasar riba. Da satar fasaha da masu turawa a waya suka karya kasuwar faifai, sai harka ta koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014. A YouTube mai tasha ake biya. Finafinai masu dogon zango irin su *Labarina* da *Izzar So* sun nuna akwai masu kallo da yawan gaske, kuma kowane fim irin wannan na buƙatar kiɗan taushi a ƙarƙashin kusan kowace fitowa. Aiki ya ƙaru. Amma muddin ba a rubuta komai ba, rabon makaɗi na ƙarewa ne ranar da ya miƙa aikin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shi ya sa masu hazaƙa da yawa ba sa zama a bayan fiyano. Adam A. Zango da kiɗa ya fara kafin ya zama jarumi. Duk yaron da ke haɗa kiɗa a shago yana ganin wannan, ya kuma fahimci cewa in ana son suna sai an fito gaban kyamara ko an riƙe makirufo. A ƙarshe sai industiri ta riƙa rasa ƙwararrun kunnuwa, tana samun ƙarin mawaƙa.

Lokacin da gwamnatin Kano ta dakatar da shirya finafinai na wata 6 a 2007, jarumai da daraktoci da dama sun koma Kaduna da Jos. Makaɗa kuwa waƙoƙin biki da na siyasa da na bege ne suka riƙe su. Wato abin da mai sautin ƙauye ke yi kullum, shi na birni ya koma yi da wuya ta zo.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai ba

Masu son finafinan Indiya za su so su ji cewa Lata Mangeshkar, wadda ta rasu a 2022, ta sha wannan gwagwarmayar. A faifan waƙar fim ɗin *Mahal* na 1949 ba sunanta aka rubuta ba, sunan da jarumar ta fito da shi a fim aka sa. A shekarun 1960 kuma ta dage sai an riƙa ba mawaƙa kaso daga cinikin faifai, har suka ɓata da Mohammed Rafi na wani lokaci a kan batun. A.R. Rahman ya yi shekaru yana danna fiyano a ƙarƙashin wasu da haɗa kiɗan talla kafin ya kai ga kyautar Oscar a 2009, shekarar da ɗan ƙasarsu Resul Pookutty ya samu tasa a fannin haɗa sauti.

A Amurka ma, masu kyautar Tony ta wasannin dandamali sai a 2008 suka ware wa masu tsara sauti gurbi. A 2014 suka soke shi. Sai da masu sana'ar suka yi ta ƙorafi da sa hannu a takardun koke sannan aka dawo da shi a 2018. Bambancin kawai, can akwai ƙungiya da yarjejeniya a rubuce.

A Nijeriya doka ba ta yi shiru ba. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta tanadi haƙƙin mai ƙirƙirar kiɗa da na wanda ya buga shi, kuma akwai hukumar tarayya mai kula da wannan. Sai dai doka na aiki ne da shaida. Makaɗin da bai rubuta komai ba, bai ajiye ainihin aikin a kwamfutarsa ba, sunansa kuma bai fito a ko'ina ba, da me zai je gaban hukuma?

Gyaran farko ba ya buƙatar kuɗi. Takarda guda mai ɗauke da sunan aiki da adadin kuɗi da ranar biyan ciko, da sa hannun mutum biyu da shaida, ta isa ta kashe rabin rigingimun. Furodusan da ya sa waƙa a YouTube zai iya rubuta sunan wanda ya yi kiɗan a ƙarƙashinta, da na mai kalangun da aka ɗauko daga ƙauye in an ɗauko. Ƙungiyar MOPPAN da sauran ƙungiyoyin 'yan fim na iya sa wannan cikin sharuɗɗansu. Shugaban makarantar da ke godiya ga manyan baƙi a ƙarshen wasa ba zai rasa komai ba in ya ƙara sunan yaron da ke tsugune bayan lasifika. Masu shirya gasar finafinai kuma su daina haɗa sauti da kiɗa da waƙa a kyauta ɗaya, domin aiki uku ne.

Su ma masu kallo da nasu. In fim ya ƙare sunaye suka fara hawa, a ɗan dakata kafin a kashe, a duba wa ya yi kiɗa, wa ya ɗauki sauti. In an duba ba a gani ba, to a tambayi furodusa dalili.